Littafin da Goggo ta Ɗauko a Ka

A wancan lokacin aikina shi ne tsara katin biki a wani ɗan shagon buga takardu a Jimeta, can wajen Demsawo. In ka taɓa karɓar katin ɗaurin aure mai fure a kowace kusurwa, da tantabaru biyu riƙe da zobe, da rubutu kala-kala kowanne na neman hawa kan ɗan'uwansa, to wataƙila daga kwamfutata ya fito. Ni dai nakan tsara abu tsaf, baƙi a kan fari, in bar fili takarda ta sha iska. Sai uwar amarya ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Wannan fili da aka bari na waye? Sa fulawa." In sa fulawa. Ta ce a ƙara girman sunan mijinta, a yi masa ja. In yi masa ja, raina na tafasa, bakina na cewa ai kuwa ya yi kyau, Hajiya.

Ni ba malama ba ce, kar a ɗauke ni da girma. Son littafi nake yi irin son da wasu mata ke yi wa atamfa: in shafa, in ɗaga wa haske, in shinshina, in duba bakinsa ko an yanke shi daidai. In littafi ya yi kyau, ko da harshen aljanu aka rubuta shi zan zauna in kalle shi. Tafiya kuwa, iyakata Gombe, sau ɗaya, kuma tun daga Numan nake amai har muka isa.

A shekarar da mutanen arewacin jiharmu suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, gidanmu na Yola Gari ya cika har zaure. Cikin waɗanda suka iso akwai Goggo, yayar Babanmu, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. A Mubi ta yi aurenta, da wani malamin Larabci da duk muke kira Malam, wanda ya rasu shekaru kafin tashin hankalin. Ta iso mana ƙafafu a kumbure, zane ɗaya a jikinta, ta bi duwatsu da gonaki kwana da kwanaki kafin wata motar kaya ta tsince su. Ba ta ɗauko kwano ba, ba ta ɗauko sarƙa ba, awakinta ma a ɗaure ta bar su. Abu ɗaya ne a kanta, naɗe cikin mayafi: wata babbar gafaka ta jar fata, irin jakar da ake adana littafin addini.

Ɗakina aka kai ta. Tun kafin ta sha ruwa ta sa aka buga ƙusa can sama da kan kowa, aka rataye gafakar.

"Littafin Malam ne," in ji ta. "Shi ya fisshe ni. Harsashi yana wucewa ta nan, yana wucewa ta nan, ko ɗaya bai taɓa ni ba."

Ta ce tun ranar da Malam ya sayo shi a wurin wani mai kawo littattafai daga Sudan ya kafa doka: ba mai taɓa shi sai da alwala. Ita kuwa, da yake karatunta bai wuce na salla ba, ko da alwalar ba ta taɓa ganin ta isa ta buɗe shi ba. Takan dai share masa ƙura, ta turara shi ranar Juma'a.

Na yi haƙurin da zan iya. Ina kwance ina kallon gafakar, ina auna faɗinta da ido, ina cewa a raina wannan ya fi kowane Alƙur'ani da na sani faɗi. Da ƙafafunta suka ɗan sace, wata rana bayan la'asar na ce, "Goggo, ko zan iya duba littafin Malam?"

"Kana da alwala?" Ita Goggo kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji, Hausar tata ta kasuwa ce, Fulatancin ne nata.

Na je na yi alwala, har da wanke ƙafa sau uku a gabanta don ta shaida. Ta sauko da gafakar da hannu biyu, ta miƙo mini, ta koma bakin ƙofa ta juya mana baya, ta ja carbinta.

Wayyo Allah, littafi! Bangonsa kore ne shar, an zagaye shi da zanen ruwan zinari, bakin shafukan ma zinari, da ɗan zaren alhariri na sa alama. Takardar cikin bangon an yi mata ado kamar an zuba mai a kan ruwa an juya. Shafin farko bismillah ce ita kaɗai a tsakiya, fili ta ko'ina, ba wanda ya ce a sa fulawa. Na ji ƙwalla ta taho mini don daɗi. Na juya shafi na biyu a hankali, ina shirin ganin Fatiha.

Sai ga duniya. Ƙwallo biyu gefe da gefe, shuɗin ruwa da launin ƙasa. Na juya, ga Afirka. Na juya, ga koguna da duwatsu. Na yi ta juyawa har ƙarshe, ko aya ɗaya babu. Littafin taswira ne, bugun Misra, daga farkonsa har ƙarshensa.

"Me ya ce?" in ji Goggo daga bakin ƙofa, ba ta juyo ba.

Na sake duban shafin. Na ce, "Babba ne, Goggo. Duniya duk tana ciki."

"Haka Malam yake cewa," ta ce, ta ci gaba da jan carbi.

Washegari da ta shiga wanka na yi wuf da littafin zuwa ɗakin Baba. Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai son a ce ya san komai. Ya sa tabarau, ya buɗa, ya dube ni, ya sake duba littafin, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ya san aikin Malam. Gidan nan na Mubi cike yake da yara masu hannun miya, Malam kuwa ya san in ya ce "kar a taɓa" ba mai ji, amma in ya ce "sai da alwala" an gama. Yana cikin dariyar sai na ga fuskarsa ta sauya, ya tuna ƙafafun yayarsa.

"Baba, sai ka gaya mata."

"Ni? In gaya wa Adda, yayata guda, ta baro gidanta kaf ta ɗauko taswira a ka? Ke ba ki da hankali." Ya rufe littafin ya shafa bangon. "Ai akwai bismillah a farko. Alwalar ba ta ɓaci ba. Mayar mata da abinta, ki kama bakinki."

Na kama bakina, kuma gaskiya ban sha wahalar kamawa ba. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A kwanakin nan tafiya daga Jimeta zuwa Yola ta zama aiki: a tsayar da keke a shinge, a sauko, a buɗe jaka, a wuce da ƙafa, a sake hawa. Kasuwa kowa na kallon jakar kowa. Taya ta fashe sai gari ya watse. Nakan dawo gida a gajiye da tsoro, in yi alwala, in ce, "Goggo, zan yi karatu." Ita da kanta take shimfiɗa mini buzu. In zauna a kusurwa, in jingina littafin a gwiwa yadda bango kawai ake gani daga ƙofa, in kama hanya.

Ɗan Larabcin Islamiyya ya ishe ni haɗa baƙi, in gane sunan gari. Amma ni ba sunayen ne suka fi ɗaukar raina ba, yadda aka rubuta su ne. Sunan teku an ja haruffansa sun miƙe daga wannan gaɓa zuwa waccan, a kwance, ba sa sauri. Sunan kogi yana lanƙwasa duk inda kogin ya lanƙwasa. Sunayen ƙasashe masu kauri ne, a tsaye ƙyam, ƙananan garuruwa kuma siraran haruffa kamar sawun tururuwa, amma kowane ɗigo a inda ya kamata. Wanda ya tsara littafin nan ya san inda zai yi magana da inda zai yi shiru. Nakan tuna katunan da na buga a ranar, in ji kamar in je in roƙi gafarar takarda.

Na bi Binuwai da yatsa har ta haɗu da Kwara, na faɗa teku ban jiƙe ba. Na tsallaka Sahara tsakanin la'asar da magariba. Na je ƙasashen da aka shafa wa fari saboda ƙanƙara, ina zaune ina zufa, wutar lantarki babu. Ba shinge, ba mai cewa buɗe jaka, ba amai. In yaran gida suka yi hayaniya, Goggo ta ɗaga musu muciya: "Ku yi shiru, ana karatu!" Ranakun da ba na salla kuwa, an hana ni biza ke nan, sai in kwanta in kalli gafaka ina jin haushi.

Ashe Goggo ba ta tsaya a gadi ba. Duk matar da ta shigo yi mata jaje sai ta ji labari: 'yar ƙanenta, wadda ake gani da gyale tana zuwa aikin kwamfuta, ita ce ta gaji littafin Malam. Kafin in ankara an fara ce mini Malama a lungu. Tsofaffin da ke mini faɗan ɗaurin ɗankwali suka koma gaishe ni da hannu biyu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har tafiyata ta sauya. Wata maƙwabciya ta aiko da allo a yi wa 'yarta rubutun sha daga littafin, wai cikinta ya tsufa. Na tsaya ina tunanin me zan rubuta, sunayen kogunan Indiya? Na ce a gaya mata ba a ba ni izini ba tukuna. Wannan amsa ta ƙara mini daraja, aka ce yarinyar akwai tawali'u.

Ranar da dariyar ta fara maƙale mini ita ce ranar da wata mata cikin waɗanda suka gudo ta shigo ɗakin. Ɗanta ya ɓace a hanya, ba ta san ko yana raye ba. Ba ta roƙi komai ba, sai dai a bar ta ta ɗora goshinta a kan gafakar. Goggo ta sauko mata da ita. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon randa, kunya ta rufe ni.

Bayan wannan ba da jimawa ba Goggo ta ce ƙafafunta sun warke, za ta yi sadakar godiya ranar Juma'a. A soya masa, a dama fura, a kira limamin unguwa ya buɗe littafin Malam a zaure ya karanta wa jama'a, kowa ya ji abin da ya fisshe ta. Limamin nan namu mutumin kirki ne, amma ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Na hango shi ya gyara tabarau, ya ɗaga littafin sama yana tambaya wa ya kawo masa taswira, Goggo na bayan labule da matan unguwa duka. Matar da ta rasa komai, abu ɗaya ya rage mata da take ɗaga kai da shi, shi ma za a mayar abin dariya a lungu har jikoki.

Na ruga wurin Baba. Baba ya ce ai shi dama yana da zuwa gona can wajen Fufore, kuma ba ya jin zai dawo kafin Asabar. Gonar da ya shekara bai leƙa ba.

"Baba, guduwa za ka yi?"

"Wa ya zama Malama, ni ko ke? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka."

Na yi dabara. A ɗakin Baba akwai wani babban Alƙur'ani mai koren bango. Ranar Alhamis da hantsi, mata na tsakar gida suna surfen gero, Goggo na can tana ba da umarni, na zare littafin taswirar na tura ƙarƙashin katifa, na sa Alƙur'anin a gafaka, na cusa tsumma a gefe don ya cika, na mayar kan ƙusa. Na ce shi ke nan, liman zai karanta abin da ya dace, Goggo ta sami ladan gaske, ni kuma in sami littafi. Har na yaba wa kaina.

Da azahar ta shigo da kaskon turare, za ta turara shi saboda gobe. Ta miƙa hannu ta sauko da gafakar. Ko ƙasa ba ta kai da ita ba ta tsaya cak. Ta ɗaga, ta sauke. Ta ɗora a ka, ta ɗan girgiza wuya.

"Littafin ya rame," in ji ta.

"Goggo, wataƙila ke ce kika yi ƙarfi."

"Kai, bingel am, kar ka mayar da ni yaro. Wuyana ya san nauyinsa. Ina littafin Malam?"

In ta ce bingel am, wato 'yata, yawanci lallashi ne. Wannan karon ba lallashi a ciki. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na kai ƙarshensa. Na tura ƙofa, na ɗaga katifa na ciro shi. Ta ga inda na ajiye shi ta yi salati. Na ce ta zauna. Na durƙusa a gabanta, na buɗe shafi na biyu, na juya mata shi.

Ta daɗe tana kallo. A waje taɓarya na ta sauka.

"Wannan mene ne?"

"Duniya ce, Goggo. Zanen ƙasashe ne da ruwaye. Irin wanda ake koya wa yara a makarantar boko, sai dai wannan da Larabci."

"Aya fa?"

"Bismillah ce kawai a farko."

"Addu'a?"

"Babu."

Ta ce in nuna mata Makka, na nuna. Ta ce in nuna mata Mubi. Na buɗe shafin ƙasarmu na duba, ba su sa ba. Yola ce kawai, ɗan ɗigo a gefen shuɗin zare. Na ɗora yatsa a inda ya kamata Mubi ta kasance, sai kan yatsana ya rufe har da Yolar, da duwatsun, da duk tafiyar da ta kumbura mata ƙafa.

Sai ta fara dariya. Dariya sosai, tana dafa ƙirji. "Malam! Kai Malam, Allah ya jiƙanka, ka gama da ni. Shekara da shekaru ina yi wa hoton ruwa turare!" Na saki ajiyar zuciya, na fara taya ta, ina cewa a raina ashe abin da sauƙi. Ban lura da lokacin da dariyar ta juye ba.

"Gafaka biyu ne a bangon," ta ce. "Ɗayan tsoho ne, fatar duk ta tsage. Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa ne, warƙa warƙa, tun yana saurayi. Na ɗaga duka biyu, ba zan iya gudu da su ba. Na ce wannan mai zinari ai shi ne babba." Ta share ido da bakin zane. "An ce an ƙone layinmu duka."

Ni da ke cika baki da son kyawun littafi, baƙin ciki ya kama ni, na ji na tsani zinarin nan da nake shafawa kullum. Na kama ƙafarta na riƙe, ta bar ni na riƙe.

Can ta ja hanci ta gyara zama. Ta ce gobe liman ya karanta wanda na sa a gafakar, sadaka ba za ta fasa ba, wanda ya fisshe ta ai ya san kansa. Ta ce maganar nan kuma in ta fita ɗakin nan, ni da ubana za mu gane kurenmu, don ta san da bakinsa a ciki, gonar Fufore ba ta taɓa kiran kowa ranar Alhamis ba.

Na ɗauka an gama. Na kai hannu zan rufe littafin, ta dafe shi.

"Kullum bayan la'asar sai Malam ya shiga ɗaki da wannan, ya rufe ƙofa. In kai masa shayi in ajiye a bakin ƙofa, in hana yara motsi. To ina yake zuwa?"

Na ce ban sani ba, amma littafi yakan tona mai shi. Na tsayar da shi a kan gadon bayansa, na saki bangon biyu, ya buɗe da kansa can wajen ƙarshe. Shafin kusan duk shuɗi ne, babbar tekun da ke bayan duniya, da 'yan tsibirai a warwatse kamar an watsa gero. Gefen takardar ya yi duhu, ya yi laushi, daidai inda babban yatsa ke zama.

"Ruwa ne, Goggo. Tsakiyar teku. Waɗannan ɗige-ɗigen garuruwa ne a cikin ruwa."

"Ruwa? Malam? Mutumin da in mun zo Yola ba ya yarda ya kalli Binuwai daga kan gada, sai ya rufe ido yana salati?"

Ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa takardar. Ta kai babban yatsanta ta ɗora a kan duhun nan na gefe, ya zauna daidai.

"Duk shekarun nan yana yawonsa, ni ina gadin ƙofa, bai taɓa cewa in raka shi ba," ta ce. Ta matsa ta ba ni wuri a kan buzun. "Zauna nan. Karanta mini sunan wannan ƙaramin, a hankali, yadda zan riƙe."